Daga tuddan Adar zuwa allon kwamfuta: Abin da wasan ƙera jirgin lilo ke koya wa matashi

Duk wanda ya taɓa hawa babur a hanyar Tahoua zuwa Keita ko Bouza ya san lissafin da ɗan kabu-kabu ke yi a kansa ba tare da alƙalami ba. Idan ya doshi gangara yakan sassauta mai, ya bar babur ya tafi da kansa. Idan akwai wani tudu a gaba yakan bar gudun ya taru don ya taimaka masa wajen hawa. Idan kuwa kwana ce ke jiransa a ƙasan gangarar, dole ya taka birki tun da wuri, in ba haka ba shi da fasinjansa su kwana a asibiti.

A kan wannan lissafi aka gina wani nau'in wasan kwamfuta da miliyoyin mutane ke bugawa a duniya fiye da shekara 25. A cikinsa ana ba mai wasa fili da ɗan jari, a ce ya gina wurin shaƙatawa, ya zana layin dogon jirgin lilo da hannunsa, sannan ya zuba ido ya ga ko jama'a za su biya kuɗi su hau.

Jirgin lilo shi ne abin da masu Faransanci ke kira montagnes russes, masu Ingilishi kuma roller coaster. Ƙananan taragai ne da ke gudu a kan dogo mai hawa da gangara da murɗewa, wani lokaci har su kifar da fasinja kansa ƙasa. Sunan Faransancin ya samo asali ne daga tuddan ƙanƙara da Rashawa ke ginawa suna sulɓi a kai tun ƙarni na 17. A Amurka kuma an buɗe wanda ya fara yin suna a Coney Island ta birnin New York a 1884.

Matashin Tahoua zai iya cewa ina ruwansa da wannan. Ko jirgin ƙasa na gaske ba ya zirga-zirga a Nijar, domin dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso tsakanin 2014 da 2016 bai taɓa zama hanyar jigilar yau da kullum ba. Sai dai abin da ke cikin wasan ya fi jirgin da kansa muhimmanci, kuma wasan na tafiya a tsohuwar kwamfutar da wani yaya ya aiko daga Abijan ko Tiripoli aka ajiye tana shan ƙura.

Aikin mutum ɗaya

Wasan da ya fi shahara a wannan fanni shi ne RollerCoaster Tycoon, wanda ya fito a 1999. Wani ɗan Sikotland mai suna Chris Sawyer ne ya rubuta shi, kuma kusan gaba ɗayansa ya rubuta shi da harshen kwamfuta mafi kusa da injin, wanda yawancin masu rubuta manhaja ke gudu saboda wahalarsa. Kafin nan ya yi wani wasan na harkar sufuri mai suna Transport Tycoon a 1994.

Wahalar da Sawyer ya sha ita ta sa wasan ya zama marar nauyi. Kwamfutar wancan zamani mai ƙwaƙwalwar megabait 16, kwatankwacin ɗan gajeren bidiyon da ake turawa a WhatsApp, tana iya ɗaukar ɗaruruwan baƙi a cikin fili, kowanne da kuɗin aljihunsa da yunwarsa da ƙishirwarsa da abin da yake tunani. Kashi na biyu ya fito a 2002, na uku kuma a 2004 daga kamfanin Frontier na Ingila, wanda daga baya ya fitar da Planet Coaster a 2016 da Planet Coaster 2 a 2024.

A dukkansu aikin ɗaya ne. Kana ɗora dogo guntu-guntu: wannan miƙaƙƙe, wannan ya hau, wannan ya karkata dama. Idan ka haɗa ƙarshensa da tashar da ka faro, sai ka saki jirgi babu kowa a ciki don gwaji. A nan ne yawancin sababbin shiga ke fara ganin abin kunya.

Tudun farko shi ne jari

Yawancin jiragen lilo ba su da inji a jikinsu. Sarƙa ce ke jan su zuwa saman tudun farko, daga nan a sake su. Duk gudun da jirgin zai yi har ya dawo tasha, daga wannan tsayin zai ciro shi.

Lissafin ba shi da wuya. Idan ba a sa gogayyar taya da iska a ciki ba, abin da ya gangaro daga tsayin mita 5 zai iso ƙasa da gudun kusan kilomita 36 a awa. Daga mita 20 zai kai kusan kilomita 71. Daga mita 80 zai kai kusan 143. Wato sai ka ninka tsayi sau huɗu kafin gudu ya ninka sau biyu.

Kuskuren da kusan kowa ke yi a ranar farko shi ne ya gina tudu na biyu daidai da na farko, ko ma ya fi shi. Jirgi zai taso da ƙarfi, ya yi ta hawa, ya rage gudu, ya tsaya kafin ya kai sama, sannan ya komo da baya ya yi ta lilo a cikin kwari har ya tsaya cik. Babu dabarar da za ta hana hakan, domin taya da iska suna cin nasu rabon a kowane mita. Kowane tudu da ya biyo baya dole ya gaza na farko, sai fa idan ka sa wata sarƙar, ita kuma kuɗi ce.

Ɗan kasuwar da ke sayen albasa a Galmi ya kai Kwatano ko Akara ya san wannan magana da wasu kalmomin. Jarin da ya fita da shi daga gida shi zai ci a hanya, kuɗin mota da na shinge da ruɓewar kaya suna zaftare shi kaɗan-kaɗan, kuma wanda ya yi lissafi kamar babu zaftarewa shi ke tsayawa a tsakiyar hanya.

Inda kwana ke karya wuya

Bayan an koyi tara gudu, sai a koyi yadda jikin mutum ke ɗaukarsa. Ana auna wannan da abin da ake kira G. Kai da ke zaune yanzu kana jin G ɗaya, wato nauyinka na yau da kullum. A ƙasan gangara mai kaifi, inda dogo ya juya sama, mutum zai iya jin G huɗu: mai nauyin kilo 60 ya ji kamar ya zama kilo 240. Idan abin ya daɗe, jini yakan sauka daga kai, ido ya fara dushewa. A saman tudu kuma akasin haka ke faruwa, fasinja ya ji yana tashi daga kujera, kuma wannan ne abin da masu sha'awar hawa suka fi nema.

Wanda jiki ya fi ƙi shi ne na gefe. Idan jirgi ya shiga kwana da gudu, fasinja na buguwa da bangon tarago. Ƙarfin bugun yana tafiya ne da ninkin gudu: idan gudu ya ninka sau biyu a kwana ɗaya, bugun ya ninka sau huɗu. Maganinsa biyu ne, ko a faɗaɗa kwanar, ko a karkata dogon zuwa ciki yadda ɗan kabu-kabu ke kwantar da babur idan zai sha kwana.

RollerCoaster Tycoon yana ba kowane jirgi maki uku bayan gwaji: na nishaɗi, na tsanani, da na tashin zuciya. Idan tsanani ya haura goma, yawancin baƙi za su zo bakin layi su duba su juya, makin nishaɗin ma ya faɗi. Idan tashin zuciya ya yi yawa, za su hau, amma su sauko suna amai a kan hanya, kai kuma ka ɗauki ƙarin masu shara. Sabon shiga yakan zaci mafi tsayi da mafi gudu shi ne mafi kyau. Bayan ya kashe rabin jarinsa a jirgin da babu mai hawa, sai ya gane cewa gwaninta tana cikin tsayawa daf da iyakar abin da jiki ke iya ɗauka.

Masu ginawa na gaske ma da ciwo suka koyi wannan darasi. A 1895 an buɗe wani jirgi mai suna Flip Flap Railway a Coney Island, mai zobe zagayayye sak kamar bakin tukunya, kuma ya yi ƙaurin suna wajen jikkata wuyan fasinjoji. Dalili kuwa, kafin jirgi ya iya zagaye cikakken da'ira dole ya shigo da gudun da zai danne mutum da aƙalla G shida a ƙasa. A 1976, a jirgin Revolution da ke California, injiniyoyin Jamus Werner Stengel da Anton Schwarzkopf suka yi amfani da zobe mai siffar ɗigon ruwa, mai faɗi a ƙasa inda gudu ke da yawa, matsattse a sama inda gudu ya ragu.

Wannan lanƙwasa da ke matsewa sannu a hankali ita ce dai masu zanen manyan hanyoyi da layin dogo ke sawa a mashigar kwana, don kada direba ya murɗa sitiyari lokaci ɗaya. Dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi yana buƙatar irin wannan lissafi a kowace kwana.

Birki da amana

Idan fili ya cika, jirgi ɗaya ba ya isa, layi ya yi tsawo, baƙi su fara guna-guni. Sai mai wasa ya so sakin jirgi biyu ko uku a dogo ɗaya. Tun daga kashi na biyu na wasan akwai hanyar yin haka lafiya: a raba dogon gida-gida, kowane gida da birki a ƙarshensa, kuma ba a barin jirgi ya shiga gida sai wanda ke gabansa ya fita. Haka siginar jirgin ƙasa ke aiki a ko'ina a duniya.

A cikin wasa, wanda ya yi sakaci da birki ko ya ƙi ɗaukar makaniki zai ga haɗari a allo, baƙi su ƙaurace wa jirgin na wani lokaci. A duniyar gaske abin ya fi haka muni. A watan Yunin 2015, a filin Alton Towers na Ingila, na'ura ta tsayar da wani jirgi mai suna Smiler saboda akwai tarago marar kowa da ya maƙale a gaba. Ma'aikata suka zaci na'urar ce ta yi kuskure, suka sake shi da hannu. Mutum 16 ke ciki, kuma 'yan mata biyu sun rasa ƙafa. Kotu ta ci kamfanin da ke da filin tarar fam miliyan 5.

Duk matashin da ke shirin zama makaniki ko mai walda ko mai gyaran wuta yana da abin ɗauka a nan. Na'urar kariya da ta hana ka aiki tana da dalilinta, kuma sai an je an gani da ido kafin a tsallake ta.

Adar ta daɗe da sanin gangara

Ƙasar Adar tuddai ne masu shimfiɗaɗɗen kai da kwaruruka a tsakaninsu. Da damina, ruwan da ya sauka a kan dutse yakan gangaro da ƙarfi, ya kwashe ƙasar noma, ya yanka rami a tsakiyar gona. Ƙarfin da ke tura jirgin lilo shi ne ke tura wannan ruwa: tsayi ne ke komawa gudu.

Bayan farin 1984 aka fara aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya da tallafin hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. An haƙa ramuka a jikin tuddai, an jera duwatsu a kan layin da ke bin tsayi ɗaya, an gina shingaye a cikin ƙoramu. Manufar duka ita ce a karya gudun ruwa mataki-mataki don ya sami lokacin shiga ƙasa. Yawancin waɗanda suka ɗauki duwatsun mata ne, saboda maza sun tafi bida. Matashin da ya iya sa birki a inda ya dace a cikin wasa yana yin lissafin da kakarsa ta yi da dutse a ka.

Wasannin suna ba da damar gyara ƙasar fili, a ɗaga tudu, a haƙa kwari, a ratsa dogo ta cikin rami. A RollerCoaster Tycoon jirgin da ya shiga ƙarƙashin ƙasa ko ya gifta kusa da ruwa ko hanyar mutane yana samun ƙarin maki, kuma dogon da ya bi jikin tudu ba ya buƙatar dogayen ginshiƙai. Fili na biyu a wasan na 1999, Dynamite Dunes, hamada ce mai tuddan rairayi. Wanda ya tashi yana kallon tsaunukan Keita da Bouza zai iya sake gina su a allo ya gangaro da jirgi daga kansu.

Saudiyya ta yi irin wannan a zahiri. A Qiddiya, kusa da Riyadh, an gina jirgin Falcons Flight da ke faɗowa daga gefen tsaunin Tuwaiq, kuma an tsara shi ya kai gudun kilomita 250 a awa, ya zarce Formula Rossa na Abu Dhabi da ya karɓi kambun gudu a 2010 da kilomita 240.

Rabin wasan kasuwanci ne

Zanen dogo rabin aiki ne. Mai wasa yana farawa da bashin banki mai ruwa, yana biyan albashin masu shara da makanikai da masu gadi, yana yanke kuɗin shiga. Idan ya tsawwala, baƙi su ce ba za su biya ba. Idan jirgi ya tsufa, farashin da suke yarda su biya ya ragu. Idan babu bayan gida ko wurin shan ruwa kusa, su fusata su tafi. A filin farko ana neman baƙi 250 kafin ƙarshen watan Oktoba na shekarar farko, kuma wanda ya zuba duk kuɗinsa a ƙaton jirgi ɗaya ba kasafai yake kaiwa ba.

Wannan labari ba baƙo ba ne a yankin da ya yi suna da ci-rani. A garuruwan Adar akwai gine-ginen da aka faro da kuɗin waje suka tsaya a linta, da shagunan da aka cika da kaya ba a ajiye na juyawa ba. A cikin wasa za ka iya karyewa sau goma a dare ɗaya ka sake farawa, ba tare da ka ci kuɗin kowa ba.

Me za a aiko, me za a sauke?

Ga ɗan'uwan da ke waje yana tunanin abin da zai aiko wa ƙannensa, bambancin wasannin yana da muhimmanci.

Kashi na farko da na biyu na RollerCoaster Tycoon suna tafiya a kusan kowace tsohuwar kwamfuta, kuma ba sa buƙatar intanet bayan an saka su. Tun 2014 wasu masu sa kai suka fara sake rubuta kashi na biyu da sunan OpenRCT2, kyauta ne, sai dai yana buƙatar fayilolin wasan na asali. A waya akwai RollerCoaster Tycoon Classic da ya fito a ƙarshen 2016, ana sayensa ne, kuma ya haɗa wasannin biyu na farko.

Akwai kuma RollerCoaster Tycoon Touch, wanda saukewa kyauta ne amma an gina shi a kan sayen abubuwa a ciki da kuɗin gaske. Irin wannan ya fi koyar da jira da biya fiye da zane. Planet Coaster ya fi kyan gani kuma yana barin mutum ya lanƙwasa dogo yadda ya so, amma yana son kwamfuta mai ƙarfi da wuta mai tsayawa, abin da ba kullum ake samu a Tahoua ba, musamman a watannin Afrilu da Mayu. Wanda kuma ya wuce matakin wasa zai iya gwada NoLimits, manhajar da wani Bajamushe, Ole Lange, ya fitar a 2001. Babu baƙi ko shaguna a ciki, dogo ne kawai da ma'aunin G, kuma wasu kamfanonin ƙera jiragen na gaske suna amfani da ita wajen nuna wa masu saye yadda aikin zai kasance.

Inda wasa ya tsaya

Iyayen da ke cewa wasan kwamfuta na cinye lokacin yara suna da gaskiyarsu. Wannan wasa yana iya riƙe mutum daga isha'i har asuba, kuma bai san ƙarfin ƙarfe ko zurfin harsashi ko yadda zafin rana ke buɗe dogo ba. Wanda ya ƙware a allo bai zama injiniya ba, kuma kada wani mai walda ya ɗauki zanen wasa ya ce zai ƙera wa yara lilon sallah da shi.

Abin da wasan ke yi shi ne ya sa mutum ya fara tambaya. Yaron da ya ga jirginsa ya komo da baya sau biyar zai saurari darasin kimiyyar motsi a lakwal da wani kunne dabam. Daga nan hanya a buɗe take zuwa makarantun koyon sana'a, ko Jami'ar Djibo Hamani da ke Tahoua, ko makarantar injiniyoyi ta EMIG a Yamai, kuma masana'antar siminti ta Malbaza da ayyukan hanya da madatsun ruwa suna neman masu wannan lissafi.

Akwai wanda ya bi irin wannan hanya har ƙarshenta. Kafin wasan Sawyer akwai wani mai suna Theme Park da kamfanin Bullfrog na Ingila ya fitar a 1994. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara shi kuma suka rubuta manhajarsa matashi ne ɗan shekara 17 mai suna Demis Hassabis. Bayan wasan ya tafi Jami'ar Cambridge ya karanta kimiyyar kwamfuta, a 2010 ya kafa kamfanin DeepMind tare da abokansa, a 2024 kuma ya samu kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai tare da John Jumper da David Baker.

Ga mai son gwadawa a daren yau, bayan an sauke shayin farko a fada: ka gina tudun farko, ka sa na biyu ya gaza shi sosai, ka karkata duk kwanar da jirgi zai shiga da gudu, ka sa birki kafin tasha, sannan ka saki jirgin babu kowa a ciki ka duba makinsa kafin ka buɗe ƙofa.